Lauyan da Kotu ta Naɗa a Amurka: Taimako Ne ko Bashi?

Direba: Jama'a, raina a ɓace yake. An gurfanar da ƙanena a nan Amurka, kotu ta naɗa masa lauya saboda ba shi da halin ɗauka, sai bayan an gama shari'a aka aiko masa da takardar biyan kuɗin lauyan. Tun 1963, a shari'ar Gideon, Kotun Ƙolin ƙasar ta wajabta wa jihohi su ba talaka lauya idan ana tuhumarsa da babban laifi, to ina amfanin haƙƙin da zai koma bashi? Wannan yaudara ce.

Barista: Allah ya kawo masa mafita, amma Malam, kalmar yaudara ta yi nauyi. A 1974, a shari'ar Fuller da jihar Oregon, Kotun Ƙolin ta halatta a karɓi kuɗin daga wanda aka samu da laifi idan ya sami halin biya daga baya, kuma a 1983 ta hana a ɗaure mutum don kawai talauci ya hana shi biyan tara. Ba a ɓoye dokar take ba.

Hajiya: Barista, wanda ke tsare, hankalinsa a tashe, yaushe zai karanta doka? Ɗan sanda yakan ce masa za a ba shi lauya idan ba shi da kuɗi, ba ya ce masa lissafi na nan tafe. Idan wannan ba yaudara ba ce, mece ce?

Malamin Makaranta: Ranki ya daɗe, yaudara sai da niyya. A ce zalunci, zan yarda.

Ɗan Zango: Barista dai kullum bayan 'yan uwansa lauyoyi yake goya.

Barista: Asusun hukuma kuɗin ke shiga, ba aljihuna ba. Kai da ba ka taɓa taka kotun Amurka ba, da me kake hukunci?

Ɗan Zango: Ashe sai mai biza ke da bakin magana a nan?

Shugaban Zaure: Ya isa haka, a daina gori. Abin da na fahimta shi ne hujjar Hajiya ta fi ƙarfi, kuma Barista bai amsa ta ba. A jihar Florida dala 50 ake cajin talaka kuɗin neman lauyan gwamnati kawai, alhali jihar Kalifoniya ta soke irin waɗannan kuɗaɗe tun 2021, kuma da babu cuta a ciki da ba ta soke ba. Malam Direba, ƙanenka ya koma kotun ya nemi a duba ƙarfinsa kafin a tilasta masa biya.