Yadda magana ke sauyawa a waya: abin da ƴan Tawa suka faɗa

1. Kusan kowa ya yarda ana ɗaga murya idan reso ya yi rauni. Ihu ba ya gyara reso, fasa sautin yake. A sauya wuri, a ɗan janye baki daga wayar.

2. Kan gaisuwa aka rabu. Wasu sun ce kiredi na gudu, "allo, ina kwana" ya isa. Wasu sun ce dattijo sai an tambaye shi gajiya da iyali kafin a kawo buƙata. Nan na fi karkata.

3. Mai kira shi ke fara faɗin sunansa.

4. Masu kiran ofis a Yamai kan juya zuwa Faransanci. Wajen ba da lamba, a karanto lambobi takwas ɗin bibbiyu, a maimaita.