Zafin Yuli a Ingila da baƙi a gida: ku ba mu labarin yadda kuka yi

Maman 'Yan Biyu, Coventry

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiyarmu ta samu biza, za ta zo mana tsakiyar Yuli in Allah ya yarda, ta yi wata biyu. Ta haura saba'in, kuma tana shan maganin hawan jini. A hawa na uku muke, rana na dukan tagoginmu tun daga azahar har ta faɗi. Maigida cewa yake mutuniyar Kano ce, wane zafi Ingila za ta nuna mata? Ni dai hankalina bai kwanta ba. A 2023 muka zo, ba mu ga zafin 2022 da ake ta ba da labari ba. Waɗanda ya same su da baƙi a gida, don Allah ku faɗa mana yadda kuka yi da inda kuka kai su.

Uwargida, Peckham

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki gaya wa maigidanki ni ma haka na ɗauka, sai da na gani da idona.

Na haihu saura kwana uku Babbar Sallah, wadda ta faɗo Asabar 9 ga Yuli. Umma ta zo mini wankan jego daga Kano. Mun yi suna lafiya, baƙi sun watse, sai hukumar yanayi ta fitar da jan gargaɗi na zafi don ranakun Litinin da Talata, 18 da 19 ga wata, karo na farko da ta taɓa yin haka. Ran Talata aka auna digiri 40.3 a Coningsby, abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar nan. Umma da ta ji adadin ko a jikinta, ta ce ai a haka suke azumi a watan Afrilu.

Dare ne ya canza mata magana. Gidajen nan an gina su ne don su riƙe ɗumi: gilashi ruɓi biyu, kafet ko'ina, tagar ɗakin kwananmu ba ta buɗuwa fiye da tafin hannu. Bulo ya sha rana wuni guda, da daddare sai ya dinga amayo ta cikin ɗaki. Ungozoma ta ce mini ɗakin jariri ya zauna tsakanin digiri 16 da 20, ni kuwa ƙarfe goma sha biyun dare ma'aunin da ke gefen gadonsa 31 yake nunawa. Ga shi Umma ta naɗe shi da shawul har da hula, yadda ta yi mana mu bakwai. Na rasa ta inda zan fara, don ba a yi wa uwa gardama a kan jinjiri. Sai kawai na kama hannunta na ɗora a ƙeyarsa. Ta ji gumi sharkaf. Ba ta ce uffan ba, ta warware shi da kanta ta bar shi daga shi sai kunzugu.

Daga nan ita ta karɓi ragamar gidan. Da asuba ta buɗe kowace taga da ƙofa, ƙarfe takwas ta rufe ta saki labule, ba mai taɓawa sai magariba. Ta jiƙa zani ta rataya a gaban fanka. Girki ta gama shi kafin hantsi. Wankana ta mayar da shi bayan asuba da bayan isha, ta kuma rage zafin ruwan, kunun kanwa sai ya huce take miƙo mini. Muka kwashe katifa muka dawo falo a ƙasa. Abin da ta faɗa a daren nan har yau yana raina: a gida zafi a waje yake wuni, ka gudu inuwa, dare ya yi ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, amma nan a cikin ɗaki yake kwana tare da kai.

Bakatsine, Leeds

Nawa na hanya ne. Surukina yana Landan wajen ɗansa, muka yanki tikitin jirgin ƙasa ya taho mana ran Talatar nan. Ashe an rufe layin da ke tashi daga King's Cross zuwa Leeds da York, saboda ƙarfen dogo kan buɗe ya lanƙwashe in ya sha zafi. Litinin ma an dakatar da jirage a filin Luton na wasu sa'o'i, zafi ya ɓata wani sashe na titin saukarsu. Na so in ɗauko shi a mota, Alhaji ya ce a'a, mu bari gari ya huce. Alhamis ya iso.

Abin da ya fi wahalar da shi ma barci ne. Magariba sai tara ta wuce, isha wajen sha ɗaya, kafin ka lumshe ido asuba ta yi wajen uku. Mu mun saba, shi kuwa sati guda yana tafiya kamar mara lafiya. Ki tanadar wa Hajiya ɗakin da ya fi duhu, kuma bayan azahar a hana yara hayaniya ta yi ƙailula.

Nas mai aikin dare, Birmingham

Maman 'Yan Biyu, zancen hawan jinin nan ya tsaya mini. Ina bakin aiki a dararen biyun, kuma tsofaffi ne suka fi yawa a waɗanda aka kawo mana. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri. Iyayenmu kuma suna da nasu dalilin: ba sa son yawan shiga bayi a gidan mutane, suna kuma son riƙe alwala. Idan maganinta irin mai sa fitsari ne, ruwan jikinta zai ƙare da sauri. Kada ta daina sha da kanta, ta tambayi likitanta tun kafin ta taso, ta kuma zo da kwalayen don a ga sunayensu.

Kar ki jira ta ce a ba ta ruwa. Ki ajiye gora kusa da dardumarta, duk sallah kofi guda kafin ta tashi. Zoɓo da kunun aya da kankana duk suna taimakawa, a dai rage sukari. In kin ga jiri, ciwon kai ko kasala, ki kwantar da ita wuri mai sanyi, ki shafa mata ruwa, ki ba ta ta sha. Minti 30 bai sa ta dawo daidai ba, ko ta fara magana ba kan gado, ki kira 999. In shawara kike nema, 111. Sannan ku yi mata inshorar lafiya. Sashen gaggawa kyauta ne, amma in aka kwantar da baƙo ana cajinsa kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin.

Antin Yara, Manchester

Kada duk mu tsorata ta, akwai daɗinsa. Yayar babanmu ta yi bazarar nan da mu. Mun yi Idi a filin Platt Fields, tana ta kallon Somaliyawa da Pakistanawa da Larabawa sahu guda, ta ce tun da ta dawo Arfa ba ta ga irin haka ba.

A kwanakin zafin ba mu fita ba sai bayan la'asar. Mukan ɗauki tabarma da kula cike da zoɓo da dambun shinkafa mu tafi Heaton Park, mu samu gindin bishiya. Yara na guje-guje, ita tana jan carbi tana gaisawa da duk wanda ya wuce, har magariba ta same mu a can. Zuwa Agusta ciyawar kudancin ƙasar ta ƙone ƙurmus, har wasu yankuna suka hana ban ruwa da tiyo. Da ta gani a talabijin ta ce wannan ai rani ne sosai, ta shiga yi musu addu'ar ruwa.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta Formby, kusa da Liverpool. Shekara sittin da takwas ba ta taɓa tsayawa a bakin teku ba. Ta cire takalmi, ta ɗan tattare zani, ta taka yashi a hankali ina riƙe da hannunta. Da ruwan ya taɓa ƙafarta ta ja baya don sanyinsa, sannan ta sake matsawa. Ta daɗe a tsaye tana kallon inda ruwa ya haɗu da sama tana faɗin Subhanallah, hawaye na zuba. Ta ɗebi yashin a leda ta ce za ta nuna wa jikokinta na Gusau.

Gargaɗi ɗaya ga masu samari: kada su shiga tafki ko madatsar ruwa don zafi ya dame su. Sama ɗumi, ƙasa ƙanƙara. A makon zafin nan na 2022 an rasa matasa da dama ta haka.

Ɗan Zazzau, Landan

In za ku shigo Landan da ita, ku guji layin Central na jirgin ƙarƙashin ƙasa da tsakar rana, ba na'urar sanyaya wuri. Elizabeth da District da Circle suna da ita. A bas kuma ta zauna ƙasa. Mu Babban Masallacin Regent's Park muka kai Inna Juma'a, aka idar muka tsallaka cikin lambun muka zauna bakin ruwa. Fanka kuma ki saya tun yanzu, ni a makon zafin nan na 2022 shago biyar na zaga ban samu ba.

Malama, Bradford

Ni ina ganin maigidanki yana da tasa gaskiyar. Tsananin kwana biyu ne, ran Laraba gari ya sauko. Mahaifiyata sauran watanni biyun sanyi ta yi ta kuka da shi, da safa take kwana a Agusta. Ta zo da rigar sanyi da mayafi mai kauri. Ki kuma roƙe ta kada ta sako kilishi ko dambun nama a jaka, doka ta hana shigo da nama.

Maman 'Yan Biyu, Coventry

Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci. Na karanta wa maigida na Uwargida, ya yi shiru, ɗazu ya fita ya dawo da fanka biyu. Za mu ba Hajiya ɗakin yara, shi ne rana ba ta duka. Nas, na kira Hajiya, ta ce cikin magungunan akwai ƙaramin da ke sa ta fitsari da safe, jibi ƙanena zai raka ta wajen likita. Anti, daga inda kuka ajiye mota zuwa bakin ruwan Formby akwai nisa? Gwiwarta ba ta son hawa tudu.