Sabon lainbaka mai ƙaramin jiki: me za mu sa ran gani a kakarsa ta farko?

Baƙon_Jidda:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ta masu bin ƙwallon Amurka ce, wato NFL. Ƙungiyar da nake goyon baya ta ɗauki wani lainbaka, wato mai tsaron da ke tsayawa a bayan ƙartin layin gaba, a zagaye na biyar na zaɓen sababbin 'yan wasa da aka yi a watan Afrilu. Tsayinsa santimita 180, nauyinsa kilo 102, yana da gudu, kuma a jami'a babu wanda ya kai shi kayar da mai ƙwallo a ƙungiyarsu. Magoya baya sun rabu gida biyu. Wasu har sun laƙaba masa sabon Zach Thomas, tsohon lainbakan Miami Dolphins mai ƙaramin jiki, wasu kuma sun ce ko Satumba ba zai kai ba za a sallame shi. Ni so nake in ji abin da hankali zai ɗauka. Zai shiga cikin sha ɗayan farko bana? Ƙarancin jikin nan, a ina takamaimai yake cutar da ɗan wasa?

Na_Misfala:

Wa alaikumus salam, Malam. Fara da lissafin gurabe, kafin a zo maganar jiki.

Ana shiga sansanin atisaye a ƙarshen Yuli da 'yan wasa 90. Bayan wasannin share fage uku na Agusta sai a zaftare su zuwa 53. A cikin 53 ɗin, lainbaka na tsakiya yawanci huɗu zuwa shida ake riƙewa, amma biyu ne kawai ke cin moriyar fili, saboda yanzu fiye da rabin lokaci ƙungiyoyi na tsaro ne da masu tsaron baya biyar, tsarin da ake kira nikel. Idan na biyar ɗin ya shigo, lainbaka na uku ne ke fita. To ɗan zagaye na biyar yakan zo ne a matsayin na huɗu ko na biyar a layi. Ranar wasa kuma mutum 47 ko 48 ne ke sa riga, kuma abin da ke raba wanda zai sa da wanda zai tsaya a gefe da kayan gida shi ne rukunin bugun ƙwallo: bugun farko, karɓar bugun farko, bugun sallama a yunƙuri na huɗu, da karɓarsa. Wanda ke cikin duka huɗun yakan samu tashi 20 ko kusa da haka a wasa ɗaya (tashi shi ne kowane lokacin da aka sa ƙwallo cikin wasa). Nan ne abincin yaronku yake a bana.

Kada ka raina wannan. Nakobe Dean, santimita 180, kilo 104, shi ya ci kyautar Butkus ta gwarzon lainbaka na jami'o'i a 2021 da Georgia. Philadelphia Eagles suka ɗauke shi a zagaye na uku a 2022, kuma duk kakar farko ko tashi 50 bai yi ba a tsaro, a rukunin bugu ya ƙare shekarar. Sai a 2024 aka ga cikakken aikinsa. London Fletcher, santimita 178, babu wanda ya zaɓe shi a 1998. St. Louis Rams suka ɗauke shi daga baya, ya yi shekarar farko a rukunin bugu, ya zama ɗan farko a 1999, kakar da suka ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, ya kuma yi kaka 16 bai taɓa fashin wasa ko ɗaya ba.

Dokar bugun farko da aka canza a 2024 ma ta taimaki irinsa. Yanzu 'yan ƙungiyar da ke bugawa na jeruwa ne a layin yadi 40 na abokan hamayya, ba sa motsi sai ƙwallo ta taɓa ƙasa ko hannu. Babu dogon gudu na yadi hamsin, abin ya koma kuɓuce wa mai tare ka a ɗan taƙi ka kayar da mutum, wato aikin lainbaka sak.

Idan an sallame shi a ƙarshen Agusta, sauran ƙungiyoyi 31 na da damar ɗaukarsa da kwangilarsa. In babu mai so, yawanci yakan koma cikin 'yan atisaye 16 na ƙungiyarku, ana iya ɗago shi ya buga sau uku a kaka.

Abu_Sikim:

Na_Misfala ya gama da lissafi. Bari in taɓa ɗaya rabin tambayar, domin yawancin masu cewa "ya yi ƙarami" tsayi suke kallo, alhali tsayi shi ne mafi ƙarancin matsalar.

Gajarta a karan kanta riba ce wajen karo. Wanda kafaɗarsa ta fi ƙasa shi ke ɗaga ɗan'uwansa, kamar dai a kokawa. Sam Mills santimita 175 ne, Cleveland Browns sun sallame shi a 1981, ya bi ta gasar USFL, ya zo New Orleans Saints a 1986, ya je Pro Bowl, wasan zaɓaɓɓun taurari, sau biyar. Abin da ke cutarwa abu biyu ne: tsawon hannu da nauyi.

Ƙartin layin gaba, musamman gad biyun da ke gefen mai miƙa ƙwallo, kowanne ya kai kilo 140, hannunsa inci 33 ko kusa. Lainbaka irin naku hannunsa bai cika wuce inci 30 ko 31 ba. Idan gad ya haura ya riga shi sa hannu a ƙirji, magana ta ƙare, zai tura shi yadi biyar baya kamar amalanke. Saboda haka ƙaramin lainbaka ba ya cin nasara ta hanyar karo da gad ya ture shi. Ko dai ya riga shi isa ramin, ko ya zille ta ƙarƙashin kafaɗarsa. Zillewar nan kuma takobi ce mai kaifi biyu. Kowane mai tsaro yana da rami ɗaya da aka damƙa masa tsakanin ƙartin layi. In ya zille ta ɓangaren da ba nasa ba don gudun karo, ya bar raminsa a buɗe, mai gudu da ƙwallo ya bi ta nan ya ci yadi 20. A talabijin za ka ga kamar laifin mai tsaron baya ne da ya kasa kayarwa, amma koci ya san wanda ya bar ƙofa.

Shi ya sa kafin ka tambayi nauyin yaron, tambayi su wane ne a gabansa. Masu kawo sunan Zach Thomas suna mantawa da Tim Bowens da Daryl Gardener, ƙarti biyu da ke tsakiyar layin Miami Dolphins suna cinye masu tarewa, shi kuma yana yawo a sake. Gaskiya ne shi ma zagaye na biyar aka ɗauke shi a 1996, ya kuma ƙwace gurbi tun a sansani har kocinsu Jimmy Johnson ya sallami tsohon hannu Jack Del Rio. Amma da a ce gad na isa gare shi kowane tashi, da labarin ya sha bamban. In ƙungiyarku tana da ƙato a tsakiya wanda dole sai mutum biyu sun haɗu a kansa, yaronku ya dace. In layinku na masu kutsawa ne kawai, kowa na neman kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, to zai sha wuya.

Sai gurbi. Akwai Maik na tsakiya, akwai Wil na ɓangaren da babu tait en (ƙaton mai karɓar jifa da ke tsayawa a ƙarshen layi), akwai Sam na ɓangaren tait en. Ƙaramin jiki mai gudu Wil ake sa shi, domin a nan an fi kare shi daga karo, aikinsa bin ƙwallo da tsare mai gudu idan ya fito karɓar jifa. Kada ku sa ran ganin koren ɗigo a bayan hularsa bana. Mai ɗigon shi ne ke da rediyo a kunne, koci na faɗa masa tsari har agogon wasa ya rage daƙiƙa 15 a yanke, shi kuma ya jera mutum goma. Da wuya a ɗora wa ɗan zagaye na biyar wannan a Satumba.

Wajen jifa kuwa, a nan tsayi ke dawowa. Tait en mai santimita 195 zai tsaya a gabansa, kwatabak ya jefa sama, ko ya manne masa kamar ƙaska ba zai kai ba.

Ɗan_Madina:

Yallabai Abu_Sikim, na yarda da maganar hannu, amma kun karkata da yawa wajen "sai ya jira". Ivan Pace Jr. santimita 178 ne, kilo 105, babu wanda ya zaɓe shi a 2023. Minnesota Vikings suka ɗauke shi, ya kayar fiye da sau 100 a kakar farko. Dalili? Kocin tsaronsu Brian Flores ya fi kowa aika farmaki kan kwatabak a shekarar, ya riƙa cusa shi ta tsakiya, inda gajartarsa ta zama makami, mai tarewa ya rasa inda zai kama. Deion Jones, kilo 101, ya fara wa Atlanta Falcons wasa a 2016 har Super Bowl. Don haka in kocin tsaronku mai son farmaki ne, ƙofa a buɗe take.

Inda nake ja wa magoya baya birki shi ne bayan an fara. Malcolm Rodriguez, zagaye na shida a 2022, ya fara wasa 15 a Detroit Lions, gari ya ɗauka. Shekara na zagayowa suka ɗauki Jack Campbell, santimita 196, kilo 113, a zagayen farko, Rodriguez ya koma benci har ana ara shi ya yi wa masu kai hari aikin share hanya. Ƙungiya ba ta daina neman wanda ya fi girma don ƙarami ya yi kaka ɗaya mai kyau.

Ga kuma jiki. Kakar jami'a wasa 12 ce kafin na ƙarshe, NFL 17. Yaro mai kilo 102 a Agusta yana iya zubar da kilo uku ko huɗu kafin Disamba in ba a kula da cinsa ba, lokacin da ƙungiyoyi suka fi gudu da ƙwallo saboda sanyi. Jeremiah Owusu-Koramoah na Cleveland, kilo 100, ya je Pro Bowl na kakar 2023, sai a Oktoban 2024 ya ji rauni a wuya wajen karo da Derrick Henry mai kilo 112, bai sake bugawa a kakar ba. Rauni na kan kowa, amma wanda ake fin sa da kilo goma a kowane karo ya fi kusa da shi.

Baƙon_Jidda:

Allah ya saka da alheri. To a aikace, me zan duba a wasannin Agusta? Alƙaluman kayarwa sun isa?

Abu_Sikim:

Ba su isa ba, ɗan'uwa, su ne ma suka fi yaudara. Kayarwa a yadi biyu da kayarwa a yadi tara duk ɗaya ake rubuta su. Lainbakan da gad ya tura baya, mai ƙwallo ya zo ya faɗo a kansa, shi ma an ba shi ɗaya. Ka riƙa lura da inda aka yi kayarwar. Ƙasa da yadi huɗu a yunƙurin farko nasara ce, sama da haka bin baya ne.

Na farko, duba lokacin da ya shigo. In yana fili a kwata ta farko tare da 'yan benci na farko, suna ji da shi. In sai kwata ta huɗu, yana bakin ƙofa. Abin da ya fi wannan ma: in ka gan shi a bugun farko na buɗe wasa, kusan ya samu riga. Bayan kowane wasa ana fitar da adadin tashin kowa, tsaro daban, rukunin bugu daban.

Sannan ka daina bin ƙwallo da ido, ka kafa masa ido shi kaɗai tun kafin a miƙa. Takun farko kake nema. In kwatabak ya yi kamar zai ba mai gudu ya janye, yaro mai zafin nama yakan yi taku biyu gaba, ƙwallo ta wuce ta bayan kansa. Babba yana iya ɗaga hannu ya gyara kuskuren, shi ba shi da wannan rangwamen. Mai ilimi gad yake karantawa, ba mai gudu ba: hular gad ta yi ƙasa ya tunkaro, gudu ne, ya miƙe ya ja baya, jifa ce. A NFL karatun nan ya fi na jami'a tsabta, domin ƙato ba shi da izinin wuce yadi ɗaya in za a yi jifa, a jami'a kuwa yadi uku ne. Fili kuma ya bambanta: layukan tsakiya da ake ajiye ƙwallo tazararsu ƙafa 18 da rabi ce, a jami'a ƙafa 40. Ƙwallo kullum tana kusa da tsakiya, babu ɓangare mai faɗi da zai nuna masa inda za a bi, kuma kusurwar da ya saba bi ya tari mutum ba za ta yi daidai ba a makonnin farko. In ka ga yana wuce mai ƙwallo da gudu, sau da yawa wannan ne, kuma yana gyaruwa. Wanda ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne kayarwa da hannu kawai ba tare da kawo ƙugu ba.

Kyamarar talabijin tana yanke lainbaka da zarar ya ja baya tsaron jifa, don haka in ka samu faifan All-22 da ke nuna duka 'yan wasa daga sama, shi ne abin kallo.

Na_Misfala:

Ƙari kaɗan a kan lokaci, tunda Lahadi ranar aiki ce a nan. Wasannin ƙarfe ɗaya na rana agogon New York suna kamawa ƙarfe 8 na dare a Makka da Jidda a Satumba da Oktoba, su koma ƙarfe 9 bayan sun juya agogonsu a farkon Nuwamba. Na daren Lahadi kuwa 3:20 na asubahin Litinin ne, ya koma 4:20 bayan juya agogon. In don yaron nan za ka farka, kada ka makara ko minti ɗaya, domin bugun buɗe wasa na iya zama inda za ka fi ganinsa a daren. Ka riƙe lambar rigarsa, masu sharhi ba su cika ambaton sunan 'yan rukunin bugu ba sai an jefa musu tutar laifi.