Iskar da ta yaye mana kwano ba ta isa a yi mata muƙala ba ke nan?

Ɗan Wunti:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu gyara a Wikipedia ta Hausa. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a turo mini mahaɗin dogon shafin ƙa'idoji na Turanci, a yi mini bayani da bakinmu.

A farkon daminar nan iska ta faɗa wa garinmu, wani ɗan ƙaramin gari a kan hanyar Ningi. Da la'asar sakaliya hadari ya haɗo daga gabas, ƙura ta riga ruwa isowa, kafin a kira magariba rabin layinmu babu rufi. Ta kwashe kwanon azuzuwan firamare, ta karya falwayoyi, ta tuge tsohuwar tsamiyar da ake cin kasuwa a gindinta. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma kwano ya yanki wani yaro a cinya. Har yau akwai magidantan da iyalinsu ke raɓe a gidajen dangi, don kuɗin bandir ɗin kwano da katako da ƙusa ya fi ƙarfinsu.

Na je gida na gani da idona. Na ɗauki hotuna, na zauna da mai unguwa ya lissafa mini gidajen ɗaya bayan ɗaya, na dawo Bauchi na rubuta muƙala mai kyau, har da sashe-sashe. Ba ta daɗe ba wani edita ya liƙa mata tambari, wai ba ta cika sharaɗin shahara ba, ko a goge ko a haɗe ta da wani shafi. Manazartar da na sa guda biyu ce: rubutun wani ɗan garinmu a Facebook, da labarin da na ji an karanta a rediyo.

Abin da ya ci mini rai shi ne, a Wikipedia ta Turanci na ga muƙaloli kan guguwar da ta tashi a tsakiyar tekun Atlantika ta mutu a can, ko kaza ba ta kashe ba, amma ga sunanta, ga taswirar hanyar da ta bi, ga ƙarfin iskarta awa bayan awa. Mu kuma da ta kwana da mu a waje an ce ba mu shahara ba. To da me ake awo? Gawa nawa ake buƙata? Gida nawa? A faɗa mini lambar in sani.

Malamar Tudun Wada:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya mayar musu da alheri, ya ba yaron lafiya.

Babu lamba. Ba a taɓa cewa in an mutu goma a rubuta, in tara ne a goge ba. Abin da ake dubawa shi ne ko wasu da ba ruwansu da kai, ba ruwansu da garin, sun zauna sun yi rubutu mai zurfi a kan abin, a wurin da ake tace labari kafin a wallafa, kuma mai karatu zai iya komawa ya duba. Jarida mai edita, rahoton hukuma, littafi, binciken jami'a. Rubutun Facebook bai shiga ba, ko da mai shi gaskiya ya faɗa. Lissafin mai unguwa kuwa, duk da na tabbata ya fi na kowa daidai, kai ka karɓo shi da bakinka, kuma Wikipedia ba ta karɓar binciken da edita ya yi da kansa ba a wallafa shi a ko'ina ba. In gobe wani ya shiga ya mayar da gida arba'in ya zama ɗari huɗu, da me zan kama shi?

Game da abin da ya faru rana ɗaya kuma, akwai ƙarin tambaya: an ci gaba da maganarsa bayan ƙura ta lafa? Ya bar wani abu a baya, kamar sauyin doka, kwamitin bincike, ko tashin unguwa? Labarinsa ya fita daga ƙaramar hukumar? In jarida ta buga sakin layi uku ranar Talata, daga nan shiru, wannan labari ne, kuma kundin sani ba jarida ba ne.

Kai ɗan Bauchi ne, ka ɗauki iskar Asabar 16 ga Yuni, 2018, washegarin ƙaramar Sallah. An rasa rayuka, an kwantar da mutane da yawa a asibiti, gidaje sama da dubu sun lalace, gari ya zauna babu wuta. Jaridun ƙasa da sassan Hausa na gidajen rediyon waje duk sun ɗauka, ba rana ɗaya ba. Mako bai cika ba Shugaba Buhari ya zo jihar jaje, kan iskar da kuma gobarar kasuwar Azare da ta biyo bayanta, lokacin Gwamna M. A. Abubakar. Wannan in ka rubuta ta da manazarta, ban ga wanda zai taɓa maka ita ba.

Baffan Pantami:

Ɗana, bari in taɓa wancan gefen na guguwar teku, don darasin da nake koyarwa ne a sakandare nan Gombe.

Ba don an fi son kifi a kan mutanen hanyar Ningi aka rubuta su ba. Guguwar teku aba ce guda mai jiki, tana da tsakiya, tana juyawa, tana yin kwanaki ko fiye da mako tana tafiya, tauraron ɗan adam na bin ta. Da zarar iskarta ta kai kilomita 63 a awa sai a raɗa mata suna daga jerin da Hukumar Yanayi ta Duniya ke kula da shi. A Atlantika jerin shida ne, ana juya su duk shekara shida, wadda ta yi mummunar ɓarna kamar Katrina ta 2005 a cire sunanta. In ta kai kilomita 119 a awa ta shiga manyan, masu mataki 1 zuwa 5. Sannan cibiyar lura da guguwa da ke Miami a Amurka tana fitar da cikakken rahoto a kan kowace ɗaya, ko ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba. Ka ga tun kafin edita ya zauna an riga an ajiye masa manazarta.

Tamu iskar daban take. Jerin gizagizai ne masu tsawa da ke tasowa daga gabas su nufi yamma, sanyayyar iska ta faɗo daga cikinsu ta bugi ƙasa ta bazu, ita ce ke tura ƙurar nan da ke riga ruwa. Ta fi zafi a farkon damina da ƙarshenta. A gari ɗaya ba ta wuce ɗan lokaci, amma layin hadarin kan yi doguwar tafiya. Wanda ya kaɗa mu a Gombe da azahar yana iya zama shi ne ya iso muku da la'asar. To iska ɗaya ce ko biyu? Ba mai raɗa mata suna, kuma a yawancin garuruwanmu babu na'urar da ta auna ƙarfinta a daidai lokacin. Abin dariyar shi ne, da yawa daga cikin waɗancan masu suna a Atlantika, asalinsu daga irin wannan yanayin namu na Afirka ta Yamma suke tasowa su faɗa teku. Sai sun bar mu suke samun suna.

Kuma ka duba da kyau, ko can ba kowace ke da shafinta ba. Ƙananan da yawa sakin layi ɗaya ake ba su a cikin muƙalar kakar guguwa ta shekarar.

Mai Rediyo:

Malama, Baffa, na ji bayaninku, amma ni ina bayan Ɗan Wunti da rabi.

Wannan ƙa'ida an ɗinka ta ne a ƙasashen da kowane gari ke da jaridarsa. A can in bishiya ta faɗi kan mota, gobe tana shafi na uku. Mu nan wakilin jarida ɗaya ne ke riƙe da jiha sukutum, yana zaune a babban birni, in ba gwamna zai je ba babu mai ba shi kuɗin mai ya tafi ƙauye. Labarinmu a rediyo yake, a karanta da safe a maimaita da yamma, shi ke nan ya bi iska. Idan muka ce sai abin da jarida ta bi har wata uku, to Wikipedia ta Hausa za ta cika da guguwar Florida da aka fassara, a rasa abin da ya faru a Darazo ko Dukku. Guguwar Idai da ta afka wa birnin Beira a Mozambik a Maris 2019 ta kashe sama da mutum 1,000 a ƙasashe uku, ba wanda zai yi musun ta. Ambaliyar 2012 da hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce ta ci rai 363 ta raba sama da mutum miliyan 2 da gidajensu, ita ma haka. Rigimar a kan na tsakiya take, kuma a nan ne ma'aunin ke danne mu.

Sannan kowace Wikipedia jama'arta ke tsara ƙa'idojinta. Ba wahayi ba ne abin da ke shafin Turanci. Me zai hana mu zauna mu amince cewa labarin gidan rediyo mai lasisi, in an faɗi tasha da shiri da rana, ya wadatar?

Malamar Tudun Wada:

Yayana, kan batun rediyo ba mu da saɓani sosai. Labarin tasha mai ɗakin labarai manazarta ne, matuƙar akwai inda aka adana shi, ko a shafinsu ko a faifan da suka ɗora, yadda wani zai iya saurara. "Na ji an faɗa" ne ba ya zama. Kuma ba dole sai da Turanci ba, Aminiya da BBC Hausa da RFI sun isa.

Inda na tsaya shi ne, manazarta ɗaya tana tabbatar da cewa abu ya faru, ba ta cika shafi. Ka cire abin da Ɗan Wunti ya gani da idonsa, ka bar abin da rediyo ya faɗa, me ya rage? Layi biyu. Irin waɗannan shafukan ne ke zama marayu, ba mai shiga, ba mai gyarawa, ba mahaɗin da ke kai wa gare su. Kuma duk damina ana yin irin wannan iska a garuruwa da dama a Bauchi da Gombe. In kowace ta samu shafi, wa zai kula da su? Mu nawa ne?

Ɗan Wunti:

Na gode Yaya Malama, na gode Baffa. Mai Rediyo, ka faɗi abin da ke raina fiye da yadda na iya faɗa.

Har yanzu ban gamsu cewa adalci ne ba. Mutumin da ke kwana a zauren ƙaninsa bai san wata jarida ba, kuma rashin zuwan ɗan jarida ba laifinsa ba ne. Amma maganar gida arba'in ya koma ɗari huɗu ta kama ni, don na san halinmu in aka ji ana rabon tallafi.

To ga abin da nake so in sani a aikace. In na yarda a haɗe, ina za a kai ta? Garinmu ko shafi ba shi da shi, sai na ƙaramar hukuma, shi ma layi huɗu ne da sunan shugaban da ya sauka tuni. Hotunan kuma fa, su ma binciken kaina ne? Ta 2018 kuwa ina gari aka yi ta, a ɗakin haya nake a lokacin, rufin maƙwabcinmu a tsakar gidanmu ya kwana. Zan iya rubuta ta. Sai dai da na fara dubawa, adadin waɗanda suka rasu da na gidaje ya sha bamban daga wannan jarida zuwa waccan. Wanne zan ɗauka?

Malamar Tudun Wada:

Kada ka zaɓa musu. Ka rubuta kowane adadi da sunan wanda ya faɗe shi da ranar da ya faɗa: gwamnatin jiha ta ce kaza ranar kaza, hukumar agajin gaggawa ta ce kaza, wata jarida ta ruwaito kaza daga asibiti. Lambobin ranar farko kusan kullum na wucin gadi ne, don haka ka nemi na baya-bayan ma. Kuma kada rufin maƙwabcinku ya shiga ciki.

Hotuna ba su da wannan matsalar. Tunda kai ka ɗauka, ka ɗora su a Wikimedia Commons, ma'ajiyar hotunan Wikipedia, da rana da wuri, ka dai guji fuskar yaron da ya ji rauni, da cikin gidajen mutane in ba su yarda ba.

Ta garinku kuwa hanya biyu ce. Ko ka buɗe sashen yanayi a shafin ƙaramar hukumar ka sa ta a can, ko mu buɗe shafi guda na jerin iska da ambaliya a Jihar Bauchi, shekara-shekara, kowace da layinta da manazartarta, manyan kuma su samu mahaɗi zuwa nasu shafin. Ni na biyun na fi so. Kafin nan ka kwafe muƙalar zuwa shafin gwajinka don kada ta ɓace, ka kuma rubuta a shafin tattaunawa cewa ka amince a haɗe. In daga baya hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, ta fitar da rahoto ko wata jarida ta koma garin, sai a fitar da ita ta tsaya da ƙafarta.

Baffan Pantami:

In kun buɗe na Bauchi ku taɓa ni, zan ɗauki na Gombe. Sai dai ku daidaita tun yanzu ko iska da ambaliya za su zauna shafi ɗaya, don a nan Gombe ruwa da zaizayar kwari sun fi iska yi mana ɓarna, jerin zai karkata. Ni da za a bi tawa, a raba su.

Mai Rediyo:

Ɗan Wunti, turo mini sunan tashar da ranar ta saƙon sirri, in tambaya ko suna ajiye faifan labaran wannan makon. Batun ƙa'ida kuma ban janye ba, zan kai shi babban zauren tattaunawa a yi ta a can.