Rajistar sito za ta sauko da farashin sukari?

Malam Na Gwale: Jama'a, ina nan kan bakana. A tilasta wa duk mai siton sukari a Kano ya yi rajista, ya riƙa sanar da hukuma buhu nawa ya shiga, nawa ya fita. In aka yi haka, tsadar da muke sha duk gabanin azumi ta ƙare.

Ɗan Singa: Malam, da girmanka, amma wannan maganar wanda bai taɓa sauke tirela ba ce. Dila kan biya kamfani tun bai ga kaya ba, ya yi ta jiran layi. Ran da mota ta iso da buhu 600, a bakin titi zai zube su? Ba kowane cikakken sito ne ɓoyewa ba. Sukari kuma ba gero ba ne, danshi ya taɓa shi sai ya dunƙule.

Maman Ilham: Alhaji, mu masu cincin da zoɓo mun san abin da muke gani. Sha'aban na kamawa sai a ce babu kaya, in kuɗi ya ƙaru sai ga shi ya fito. Daga ina?

Malam Na Gwale: Yauwa Hajiya. Ku tuna Fabrairun 2024, saura kamar wata ɗaya azumi, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta Kano ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimingado ta garƙame wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Da akwai rajista, ai ba sai an kai samame ba. Littafi za a buɗe, mai gaskiya ya huta.

Lauyan Zaure: An gwada wannan a wani wurin. Lardin Punjab na Pakistan ya yi dokar rajistar ɗakunan ajiya tun 2014. Duk da haka sukari ya yi tashin gwauron zabo, har gwamnatin Imran Khan ta kafa kwamitin bincike a 2020. Rahoton ya fi nuna yatsa ga masu masana'antun, ciki har da na gidajen 'yan siyasa, da kuma izinin fitar da sukari waje da aka ba su har da tallafi. Mu ma nan bakin rijiyar ba a kasuwar Singa ta Kano yake ba. Dangote, BUA da Flour Mills su ke shigo da ɗanyen sukari, akasari daga Brazil, su tace. Fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da muke sha daga waje yake. An saki naira kasuwa ta yanke darajarta a Yunin 2023, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Wace rajista ce za ta tare wannan? Tun 2012 aka tsara shirin dogaro da kai wajen samar da sukari, ga gonakin rake a Numan, Sunti da Lafiagi, amma har yau jirgin ruwa muke jira.

Ustaz: Allah ya gafarta Malam, a bambance. Hadisi ya inganta cewa mai zunubi ne kaɗai ke ɓoye abinci. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun raba wanda ya kawo kaya daga nesa da wanda ya kwashe na kasuwa ya kulle lokacin da mutane ke cikin buƙata. Na biyun hukuma na iya tilasta masa ya fitar.

Malam Na Gwale: To ta yaya hukuma za ta gane na biyun in ba ta san siton ba?

Lauyan Zaure: Nan kam na ba ka. Kuma doka ta ce a sa wa sukari sinadarin bitamin A, NAFDAC ke lura da hakan. Na fasa-ƙwauri da ba shi da shi, a siton da ba a san da shi ba ake juye shi. Rajista za ta taimaka wajen inganci. Farashi ne ban yarda ba.

Ɗan Singa: Ni tsorona ɗaya. Yau rajista, gobe masu haraji sun biyo adireshin, kuɗin kuma kan mudun Hajiya zai sauka. In da gaske ake, a fara daga ƙofar kamfani: a bayyana tirela nawa aka ba kowane dila, a kan nawa. A yi wannan, ni zan fara kai sunana.

Maman Ilham: Mun ji, Alhaji. Yanzu buhu nawa ne a naka siton?

Ɗan Singa: Hajiya, ki turo yaro gobe, zan rage miki.