Murya tana riga hoto idan na juya DVD zuwa waya, ina mafita?

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masana harkar bidiyo.

Muna da fayafayan DVD na bukukuwan gidanmu da suka fara karcewa. Mahaifiyarmu tana son ta riƙa kallonsu a wayarta, musamman wanda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yake yi wa amarya nasiha.

Da manhajar juya bidiyo ta HandBrake nake aikin: nau'in fayil MP4, tsarin matse bidiyo H.264, ma'aunin ingancin hoto RF 22, sautin kuma daga tsarin AC3 zuwa AAC. Girman ya ragu sosai daga 4.7GB, hoton ma ba laifi. H.265 ya fi matsewa, amma wayarta tsohuwa ce, sarƙewa yake yi.

Damuwata ita ce murya. Da farko baki da magana suna tafiya tare, amma da an wuce rabin awa sai magana ta riga hoto, tazarar kuma ƙaruwa take yi har ƙarshe. Faifan na tsarin talabijin na PAL ne, firam (wato hotuna) 25 a daƙiƙa, girman hoto 720x576. Na bar gudun firam yadda yake a asali, na kuma tsayar da shi a 25, duk ɗaya. A na'urar DVD kuwa lafiya lau yake tafiya.

Zargina yana kan fayilolin VOB (fayilolin bidiyon da ke cikin DVD) da ake yankawa kusan 1GB kowanne, ko kuma karcewar tana sa a tsallake wasu firam. In fara cire bidiyon daga faifan da manhajar MakeMKV kafin matsewa ne? Ko akwai umarnin manhajar FFmpeg da ke gyara lokutan murya da hoto?

Don Allah wanda ya taɓa warware irin wannan ya nuna mini mataki-mataki. Ba mu da wani kwafi sai waɗannan.