Wai duk wahalar da ta sami Kirista horo ce daga Allah?

Dattijon ikilisiya, Wusasa: Salama gare ku. Na ji maganar da na yi a nazarin Littafi Mai Tsarki ta tada ƙura, kuma ina nan a kanta. Babu wahalar da take samun ɗan Allah a banza. Ciwo ne, rashi ne, asara ce, duk horo ne. Ibraniyawa 12 ta ce wanda Ubangiji yake ƙauna shi yake hora. Wanda abu ya same shi ya zauna ya binciki kansa.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, ku gafarce ni, ban yarda ba. A ɗakin haihuwa nake aiki. An kawo mana wata daga ƙauye, naƙuda ta yi tsawo, ba mota, kafin su iso jini ya zuba sosai, jaririn ya koma. Ni na naɗe shi da zanen goyon da ta saya tun yana ciki. Me zan ce mata ta bincika? Nisan hanya da rashin jini a ajiye ne suka jawo.

Ɗalibi, Samaru: Baba, ai an yi wa Yesu wannan tambayar. A Yohanna 9 almajirai suka ce, wa ya yi zunubi aka haifi mutumin nan makaho? Ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba. A Luka 13 ma, mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi kowa laifi ba.

Dattijon ikilisiya: Ɗana, horo daban, hukunci daban. Maƙeri ba don ƙiyayya yake sa ƙarfe a wuta ba. Ku tuna Gimi, ƙauyen da wasu masu bi na farko suka zauna a ƙasar Zazzau. Ciwon barci ya kusa ƙarar da masu bi na can, waɗanda suka rage suka dawo wajen Likita Miller, ɗan mishan, a Zariya. Da mishan ta koma Wusasa a 1929, ga majami'ar St. Bartholomew, ga makaranta, ga asibitin St. Luke. Ba hannun Allah ba ne?

Mama, zumuntar mata, Sabon Gari: Hannunsa ne, Baba. Amma Allah ya fitar da alheri daga masifa, wannan magana ɗaya ce. A ce shi ya aiko ta don ya koya wa uwa darasi, wannan wata ce. Ranar 17 ga Yuni 2012 da aka tada bam a majami'u a Sabon Gari da Wusasa, mutane sujada suka je. Horon me? Da maigidana ya rasu, ina zaune kan tabarma ko ruwa ba na iya haɗiyewa, wata ta ce in daina kuka, Allah yana gyara ni ne. Har yau maganar tana ci mini rai. Wadda ta taimake ni ita ce ta zo ta share tsakar gida, ta dama wa yara kunu, ta zauna kusa da ni shiru. Abokan Ayuba ma kwana bakwai suka yi ba su ce uffan ba. Da suka fara bayani ne Allah ya husata da su, duba sura 42.

Malamin makarantar Lahadi: Ni fa ina jin tsoron mu wuce gona da iri, Mama. In muka ce babu nufin Allah a ciki, yara za su ɗauka abin ya fi ƙarfinsa. A farkon Ayuba, sai da ya ba da izini kafin Shaiɗan ya taɓa komai.

Ɗalibi: Haka ne, Malam, amma har littafin ya ƙare ba a gaya wa Ayuba dalili ba. Mu wa ya gaya mana? Yesu ya san zai ta da Li'azaru, duk da haka ya yi kuka.

Dattijon ikilisiya: Lokacin faɗin maganar ne muka saɓa a kai, ba gaskiyarta ba. A zaman makoki ni ma ba na faɗarta. Amma in mutum ya huce, dole a koya masa.

Ma'aikaciyar jinya: A kan gaskiyar ma mun saɓa, Baba. Ina roƙo a taron dattawa na gaba a sa maganar matasan da za su riƙa ba da jini. Zan zo da takarda in rubuta sunaye da rukunin jinin kowa.